Bencin Baya

Aikina ƙofa ne.
Ran Lahadi nakan riga rana fitowa,
in share, in buga ƙarfen ƙafar kamyo
da muka rataye a dogon yaro, shi ne ƙararrawarmu.
Littattafan addu'a sha tara ne, biyu ba bango,
mu kuwa mun haura sittin in ba a yi ruwa ba.

Daga bakin ƙofa ake gane baƙo.
Ɗan gida ƙafarsa ke kai shi mazauninsa,
baƙo kuwa ido yake fara aikawa
ya ga ko zai dawo lafiya.

Haka ta zo, ranar da hadari ya haɗo daga gabas.
Ɗan kabu-kabu ya sauke ta wajen mai shayi,
ta ƙaraso da goyo, takalma a hannu,
kamar mai shirin ƙetare Gulbin Maraɗi.
Na ce, sa abinki, ƴata, simintin nan ya sha taku.
Ba ta sa ba.
Ta zame ta zauna a bencin baya,
gurgun nan da na tokare da ɓallin bulo tun bara waccan.

To, wurin Iya Damaris ne.
Shekara ashirin tana nan, don iska,
don kuma ta ga wanda ya makara.
Ko Rabaran ba ya ajiye hularsa a wurin.

Sai ga Iya da sandarta.
Ƴan kwaya suka rage murya, wuyan kowa ya juya.
Ta tsaya, ta dubi takalman, ta dubi goyon,
ta tura goro ɗaya kuncin,
ta ce, matsa.
Iyakar wa'azinta ke nan.

Da aka ce baƙi su miƙe mu san su,
Kosiwa tela ta miƙe, ƴar Togo,
Nkemdi mai kayan mota ya miƙe yana dariya,
aka yi tafi.
Ita ta sunkuya tana gyara ɗan da bai motsa ba.

Ruwa ya kece.
Kwano ya ƙwace magana daga bakin Rabaran,
muna ganin leɓe, ba ma jin Bulus.
Yoyon da nake ta alkawarin toshewa
ya sami ƙeyar jaririn daidai.
Iya ta ware mayafinta, ta rufe kai uku da shi,
har aka ce salamar Ubangiji
hannu ne kawai ya fito daga ƙarƙashi.

Bayan sujada matan zumunta suka kawo kwaɗon zogale.
Na zo da littafin sunaye da biro.
Ta ce, Baba, bari tukuna.
Na bari. Na tsallake layi ɗaya.
Ban tambaye ta daga ina ba.
Ni ma da na sauka a tashar nan da buhu guda
wani ya ba ni ruwa kafin ya nemi sunana.

Damina ta wuce, an cire gero.
Yanzu awara take soyawa a Sabon Gari.
Kosiwa ta ɗinka wa yaron riga da kyallen da ya rage,
Nkemdi na ci bashi, yana biya ran Asabar.
Iya na ce mata Mai-takalma, tana amsawa.

Yau wani saurayi ya tsaya a ƙofa,
baƙin mai a farcensa, yana murza hula.
Kafin in buɗe baki
na ji murya daga bencin baya:
Iya, matsa.

Iya ta yi tsaki, ta matsa.
Benci ya yi ƙara, bulo ya riƙe.

Layin nan yana nan fari a littafi.
Yoyon ma ban toshe ba.